Babi na Shida: Amaryar da Ba a Kai Ta Ɗaki

Tun shekarar da Barbie ta fito kasuwa, 1959, kamfanin Mattel na Amurka ya ɗinka mata rigar aure. Ita 'yar tsanar dala 3 ake sayar da ita, rigar kuwa da mayafinta da furen riƙewa dala 5, wato tufa ta fi mai tufa tsada. Bayan shekara biyu aka ƙera mata saurayi mai suna Ken. Daga nan ba a daina fito da sababbin rigunan amarcinta ba, amma har yau kamfanin bai taɓa cewa an ɗaura ba. Ƙawarta Midge ce aka sha bikinta a 1991, Barbie ta tsaya a ƙawar amarya. In an sa mata farar riga, sai a nuna cewa mafarki take yi. A watan Fabrairun 2004 har sanarwa kamfanin ya fitar, babu ko murmushi, cewa ita da Ken sun rabu, sai a 2011 aka ce sun shirya. Saurayin da ya shekara 43 yana zuwa zance bai turo magabatansa ba, in a Gwale ne ko Mandawari cikin birnin Kano, da tuni an hana shi tsayuwa a ƙofar gida.

Ba wauta kamfanin ya yi ba. Amaryar da ta tare ta gama sayen rigar aure. Wadda kullum gobe ne bikinta, ita za a yi ta sayar wa riga.

Masu sayen waɗannan amare kuma da yawansu ba yara ba ne. Mata ne da maza masu albashi, wasu da jikokinsu, kuma don su ake ƙera wani rukuni na musamman wanda ba ya shiga hannun yaro. A 1990 Mattel ya ɗauko Bob Mackie, mutumin da ke zana wa mawaƙiya Cher kayan hawa dandamali, ya fara yi wa Barbie tufafi masu duwatsu da ƙyalƙyali, a 1992 ya fito da amarya a siffar sarauniya. A 1998 Vera Wang, wadda sunanta ya yi tambari a ɗinkin rigunan amare, ta yi tata. A 2011 aka yi ta Grace Kelly, 'yar fim ɗin da ta auri Yariman Monako a 1956, cikin kwafin rigar da ta sa ranar. Daga nan abin ya bar duniyar mutane ya faɗa ta almara: sarauniyar aljanu, 'yar ruwa, fatalwa, har a 2015 aka fito da amaryar da ta tashi daga kabari, fatarta a koɗe irin ta gawa, tana sanye da rigar bikinta. Wani ƙaramin kamfani, Integrity Toys, ya shahara ne da zanen wani saurayi ɗan asalin Taiwan, Jason Wu, wanda ya fara ɗinka wa 'yan tsana tun yana ɗan makaranta. Shi ne daga baya ya ɗinka rigar da Michelle Obama ta sa a daren rantsar da mijinta a 2009. Don haka kada mai karatu ya ɗauka sana'ar ta marasa aikin yi ce.

Abin da ake saya a nan ba roba ba ne, ba kuma yadi ba. Adadi ake saya. A 2004 Mattel ya raba kayan masu tarawa hawa-hawa: mai tambarin azurfa ba a ƙera fiye da 50,000, mai tambarin zinariya 25,000, sannan na can ƙololuwa wanda ba ya kai 1,000 a duk duniya. Kowace tana zuwa da takardar shaida. Injin da ya zuba guda 999 ba abin da zai hana shi zuba miliyan, sai dai an kashe shi da gangan, domin a nan ƙarancin ne hajar. Ranar da za a saki sabuwa, mutane suna zaune gaban kwamfuta suna jiran agogo, ta ƙare cikin mintuna, kafin magariba ka gan ta a eBay an ninka kuɗinta.

Sai kuma sharaɗi mafi ban mamaki: ba a buɗe kwalin. Da zarar an yanke ɗan salatif ɗin da ke bakinsa, daraja ta faɗi. Mutum zai sayi amarya, ya ajiye ta shekara ashirin ɗaure da zare a jikin kwali, bai taɓa shafa rigarta ba. Wanda ya ƙosa ya ga bayan rigar sai ya sayi biyu, ɗaya ta buɗewa, ɗaya ta ajiya. Wata Bajamushiya a birnin Dusaldof, Bettina Dorfmann, littafin bajinta na Guinness ya lissafa mata Barbie 15,000 a 2011. A watan Oktoban 2010 an yi gwanjon wata guda ɗaya a Christie's ta New York kan dala 302,500, ko da yake wannan kuɗin sarƙar lu'ulu'un da ke wuyanta ne ya ja shi. Tun kafin nan, labarai irin waɗannan ne suka ruɗi dubban iyalai a shekarun 1990, suka riƙa sayen Barbie ta bikin Kirsimeti suna jibgewa a saman sif da niyyar jari. Tun da kowa ya ajiye tasa a rufe, sai rufaffiyar ta zama ruwan dare, yau da yawa ba sa mayar da kuɗin da aka saye su.

Duk wanda ya tashi da tatsuniya a bakin kakarsa ya san wannan amarya. Ta Kitse ce. Kyakkyawa ce ta ƙin ƙarawa, sarki ya aure ta bisa sharaɗin ba ta shiga rana, ba ta zuwa kusa da wuta, ranar da kishiyoyi suka tilasta mata aiki ta narke. Amaryar kwali ma haka take: rana tana koɗar da rigarta, zafi yana sa robar ƙafarta ta yi danƙo, 'yan kunnen ƙarfe na tsofaffin Barbie suna yin tsatsa su mayar da gefen fuskar kore. Masu tarawa suna ware mata ɗaki mai sanyi da labule mai kauri. Ka kawo ta Kano, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, gara na jiran kwali a gindin bango, wutar lantarki kuma sai an ga dama, ka ga ko za ta yi shekara biyar.

A Gwale 'yar tsana ba ta san wannan gata ba, kuma ba ta neme shi ba. Unguwar tana yammacin birni, cikin ganuwa, ita ce kuma ta ba ƙaramar hukumar sunanta, wadda ta haɗa Dandago da Diso da Galadanci da Gyaranya da Mandawari da Sani Mainagge da Goron Dutse, ta fita har Kabuga da Ɗorayi. Gidaje ne manne da juna, soro na bin soro, lungu na haifar lungu. Matan aure suna ciki, yara su ne ƙafafunsu: su ake aika kasuwa, su ke kai tuwo gidan maƙwabta, su ke kai goron gayyata. Yarinyar da ke wannan zirga-zirga babu bikin da ke wuce ta. Tana ganin lefe ranar da aka buɗe shi, tana jin abin da gwaggwanni suka ce bayan 'yan kawo kaya sun fita. Abin da ta gani shi take dawowa ta maimaita a bayan ɗaki.

Da kaka, in kara ya shigo gari, ake samun jikin 'yar tsana. A zaɓi gaɓa mai kauri daidai tsawon tafin hannu, a kankare ta. Wasu ƙashin ƙafar rago suke jira bayan Babbar Sallah, a wanke shi a shanya, don ya fi kara ƙarko kuma gaɓarsa ta yi kama da kai. Wasu tsumma suke naɗewa, wasu laka. Gashi baƙin zare ne, a liƙa shi da danƙo, a zauna a yi masa kitso na gaske, shuku ko zane, gwargwadon abin da ake yayi. A tsinka tsohuwar jigida a samu duwatsun wuya da na ƙugu. Fuska kuwa sau da yawa babu ita sam, kuma ban taɓa jin yarinyar da ta ce 'yarta ba ta da kyau saboda haka ba.

Tufafi sai wajen tela. 'Yan mata biyu ko uku za su tsaya a bakin shago, ɗaya na tura ɗaya.

"Baba, ina wuni? Don Allah a sam mana ƙyalle, biki gare mu."

"Bikin wa kuma, 'yan nan?"

"'Yata zan aurar ran Juma'a."

"Ikon Allah! To, Allah ya sanya alheri. Ku duba ƙarƙashin keke ku tsinta. Amma kar wadda ta taɓa mini leshin nan, na mutane ne."

Abin da ke ƙarƙashin keken nan ragowar lefen amaren unguwa ne. Atamfa Holan ta kamfanin Vlisco da aka yanko daga Kantin Kwari, shadda, leshi, duk wanda uwar yarinyar ma ba lallai ta taɓa ɗaura irinsa ba. Don haka 'yar tsanar kara takan fita biki da zanen da ya fi na uwar gidan tsada, kuma babu wata mai irin shigarta a duk faɗin duniya, domin ƙyallen ɗaya ne, ya ƙare. Abin da Mattel ke kashe inji don ya samu, a nan talauci ne ya ba da shi kyauta.

Aure ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Sai an sami wata mai ɗan tsana namiji, galibi a wani gidan, ta zama uwar ango. Ita za ta haɗa lefe a kwalin ashana, in da hali kwali uku ko huɗu a jere kamar saitin akwati, a linke ƙyallaye a ciki, a yanka ɗan sabulu, a sa ɓallin turare. Ƙawayenta su ɗauko a ka, su yi sallama. Dangin amarya su shimfiɗa tabarma, a buɗe, a ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya ana ƙirgawa. A nan ne babba in ya laɓe zai ji muryar matarsa tana fitowa daga bakin 'yar shekara bakwai.

"Haba Yaya, zani huɗu kacal? Ko mayafi babu? Mu 'yarmu ba tsintar ta muka yi ba."

"Ku yi haƙuri, cikon yana tafe. Kun san yadda gari yake."

Sai a sa rana. A kwaɓa lalle a shafa wa ƙasan kara, a yi kamu, a yi wankan amarya. Samarin gidan, waɗanda ke ƙera motar kara da ta langa-langa, a roƙe su gado da kujera, wani lokaci har motar kai amarya. 'Yan jere su tafi gidan ango da marafan kwalba da gwangwanayen tumatir da fasassun tangaran, su share wani saƙo a gindin bango, su jera su bisa tsari, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Abinci yakan zama tuwon ƙasa, amma uwar da ke cikin nishaɗi takan ba da tsabar shinkafa da ɗan manja a dafa na gaske a gwangwani, ta leƙo tana dariya tana cewa a ajiye mata nata. Da yamma a lulluɓe amarya, a ɗauke ta da guɗa da waƙa a ratsa lungu, uwar amarya tana kukan ƙarya, wani lokaci ma ya rikiɗe ya zama na gaske. Domin amaryar tafiya take yi. 'Yar tsanar da yarinya ta yi kwanaki tana yi wa kitso za ta kwana a gidan wasu, a hannun wata.

Wannan shi ne abin da mai tara Barbie ba zai taɓa yi ba ko da wuƙa a wuya, kuma shi ne dukkan daɗin wasan a Gwale. Bayan mako guda a aiko cewa amarya ta haihu, a naɗe ɗan guntun kara a tsumma, a sake taruwa suna. In kuwa iyayen biyu suka yi faɗa a makarantar allo, kafin la'asar za ka ji ana buga ƙofa: "A ba ni 'yata, ta fasa auren!" A kwaso marafan kwalba har na ƙarshe, domin ko a wasa yarinya ta san kayan ɗaki na mace ne, ba a barin wa miji ko cokali.

Akwai kuma lissafi a ciki. Duk ƙawar da ta zo da alawa ɗaya ko kwabo, uwar amarya tana riƙe da shi a ka, ranar bikin 'yar waccan sai ta kai biyu. Haka iyayensu mata ke yi da gudummawar biki: abin da aka kawo miki ki mayar da ninkinsa, a yi ta hawa har ya yi nauyi a sauko a sake farawa. Mace mai ƙawayen biki da yawa tana da inda za ta dafa ranar da hidima ta taso mata. Yarinya ba ta koyon wannan a aji. A bikin 'yar tsana take fara sanin wa take bi, wa ke bin ta.

Ba mu kaɗai ke aurar da 'yan tsana ba. A Indiya yara na yi, har manya su shiga a yi shagali. A Japan kuwa, kowace shekara don bikin ranar 3 ga Maris ana fito da 'yan tsanan sarki da sarauniya da fadawansu cikin shigar biki a jera su hawa-hawa don 'ya'ya mata, a gama a mayar da su akwati, har ana camfa cewa in aka yi jinkirin kwashewa auren 'yar gidan zai yi jinkiri. Su sun haɗa ajiya da al'ada. Mu ba mu ajiye ba. Damina ɗaya ta isa ta cinye amaryar kara, kaka ta zagayo a yi wata.

Bayan zafi da ƙura da gara, dalili na biyu da ya sa kabet cike da amaren roba zai yi wuya a Gwale shi ne addini, kuma maganar tana da ɗan zurfi fiye da yadda ake yanke ta a bakin titi. Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana tana wasa da su tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ruwayar Abu Dawud har da doki mai fukafukai a cikinsu, da aka tambaye ta sai ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, aka yi dariya aka bar ta da abinta. Wato abin wasa na almara ma ba baƙo ba ne. Alƙali Iyad, babban malamin Malikiyya, ya tafi a kan cewa an keɓe 'yan tsanan yara mata daga hanin sura, saboda suna koya musu renon gida da 'ya'ya, kuma ya danganta wannan ga mafi yawan malamai. To amma a duba inda rangwamen ya tsaya: yarinya, da wasa, da koyo. Amaryar kwali ta saɓa duka ukun. Babba ne ya saye ta, ba a wasa da ita, an ƙera mata ido da gira da leɓe kamar za ta yi magana, sannan an ɗora ta a sama cikin gilashi ana kallo. Ko a kan 'yar bebin roba ta yara akwai malaman wannan zamani da suka fi son a kauce wa mai cikakkiyar sura. A 2021 hukumar Hisba ta Kano, ƙarƙashin Harun Ibn Sina, ta hana teloli da masu kanti amfani da mutum-mutumi mai kai wajen tallar tufafi. An yi ta gardama a kai, a rediyo da Facebook, kuma ba kowa ya bi ba. Amma garin da ake cire wa gunkin tela kai ba nan ne mace za ta jera amare hamsin a falo surukarta ta shigo ta yi shiru ba.

Sai dai kuskure ne a ce Bahaushiya ba ta san jarabar tarawa ba. Ta san ta ƙwarai, ba a kan 'yar tsana ta sauke ta ba ne kawai. Wanda ya shiga ɗakin amarya a birni a shekarun 1970 ya ga abin da zai sa Bettina Dorfmann ta jinjina. Kwanuka ne tun daga ƙasa har rufi: kwalla, fanteka, kumbo, langa, samira, saiti-saiti, babba ya goyi ƙarami, kowane da murfinsa, launi ɗaya zane ɗaya a layi ɗaya, farantai kuma a manne a bango. Ba a cin abinci a cikinsu. Na girki daban suke, sun yi baƙi a madafi. Waɗannan na kallo ne, a sauke su lokaci-lokaci a goge a mayar, yaron da ya kuskura ya ɓantare fentin ɗaya kuwa ya san sauran. Kafin kwano ƙorai ne da akusa da tasoshin tagulla. Kwanon ƙarfe mai fenti ya fara shigowa ne daga Turai, sannan a shekarun 1960 'yan kasuwa daga Hong Kong suka kafa masana'antunsa a Najeriya, har da nan Kano, ya wadata. Bayansa tangaran da gilas suka hau kabet, sannan kuloli.

Yadda ake tara su ma aiki ne na shekaru. Enid Schildkrout, wata Ba'amurkiya mai nazarin al'umma da ta zauna da yaran birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda ribar tallar yarinya ke tafiya wajen haɗa kayan ɗakinta, da yadda hakan ya sa iyaye mata da yawa suka yi ɗari-ɗari da makarantar boko lokacin da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976: in ta tafi aji, wa zai ɗauki farantin? Barbara Cooper ta tarar da irin wannan a Maraɗi, ta rubuta a littafinta na 1997 kan aure a can cewa kayan da aka jera wa amarya suna shelar yawan mutanen da ke bayanta. Uwa tana zubin adashi, ta ɗauka ta sayi saiti ɗaya ta tura ƙarƙashin gado tun 'yar tana goye. Inna ta kawo nata, gwaggo ta kawo nata, ƙawar biki ta rama abin da aka kai mata shekara biyar baya. Ranar jere mata ke shigowa gani, ba su cewa komai sai "Masha Allah", amma idonsu na ƙirga, kuma kafin su kai soro sun san ko yarinyar 'yar dangi ce. Har gwamnati ta san ba a kai amarya ɗaki wayam: tun auren zawarawa na farko da Hisba ta shirya a 2012 da ma'aurata 100, har na watan Oktoban 2023 mai 1,800, gado da katifa da sauran kayan ɗaki suna cikin abin da ake bayarwa.

A nan ma akwai ƙaranci mai sa farashi ya tashi, sunansa yayi. Zane ya fito, kowace uwa ta ce sai shi, ya yi wuya a Sabon Gari, dillaliya ta riƙa yawo da shi gida-gida cikin ƙullin zane tana cewa saura saiti ɗaya. Bayan shekara biyu wani ya fito, na jiya ya zama na tsofaffi. Bambancin shi ne kwanon Bahaushiya yana da ranarsa. In ciwo ya zo, ko miji ya karye, ko za a aurar da ƙanwa, sai a sauke saiti ɗaya daga can sama inda ba a lura, a kira dillaliya ta ƙofar baya. In aure ya mutu, motar da ta kawo kaya ita ke mayar da su. Ajiyar banki ce wadda mai ita ke kwana tana kallo, kuma babu sa hannun miji a wajen cirewa.

Yau 'yar tsanar kara ta yi ƙaranci a Gwale. 'Yar bebin roba daga Chaina ta cika Sabon Gari da tiren masu talla ranar sallah, fara sol mai gashin zinariya, yara kuma sun fi zama gaban waya da talabijin fiye da bayan ɗaki. An yi yunƙurin ba su wadda ta yi kama da su. A 2007 wani ɗan kasuwa a Legas, Taofick Okoya, ya fito da Queens of Africa, baƙaƙen 'yan tsana uku cikin atamfa: Nneka, Wuraola, da Azeezah wadda aka ce ita ce Bahaushiya. A ƙarshen 2015 Haneefah Adam, 'yar Ilori, ta fara ɗinka wa Barbie hijabi da abaya tana sa hotunan a Instagram da sunan Hijarbie, duniya ta ɗauka, kusan shekara biyu kafin Mattel ya sanar da tasa mai hijabi a 2017, wadda aka ƙera da siffar Ibtihaj Muhammad, 'yar wasan takobin Amurka. Abin da Haneefah ta yi, in aka cire kyamara, shi ne abin da yaran bakin shagon tela ke yi tun kakanninmu. Ta 'yan tarawa kuwa, ko ba a yi maganar malamai ba, lissafi ya isa: a 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, amaryar dala 100 ta fi ninki biyu na mafi ƙarancin albashin wancan lokacin, naira 70,000, kafin a yi zancen kuɗin jirgi da na kwastan.

Almarar dai ta shigo, amma a jikin amaryar gaske ta sauka. Je ka zauren dina a Kano ka gani: riga mai jela wadda sai yara biyu sun riƙe, kambi a bisa ɗauri, hayaƙi na tashi daga ƙasa lokacin da ta shigo, kujera irin ta gidan sarautar tatsuniya, kwalliyar da ta sa kakarta sai da ta tambaya ko ita ce. Amarya takan ja wa mai ɗinki kunne kada ya yi wa kowa irin rigar, kada kuma hotonta ya fita kafin ranar. Sau ɗaya ake sa ta, a naɗe a leda a ɗora saman sif. Ina ganin kuɗin da a da ke tafiya kan abin da mace za ta iya sayarwa ranar wuya, yanzu wani kaso mai tsoka nasa yana tafiya kan abin da ba ya dawowa, kuma iyaye mata sun fi kowa sanin haka, ko da yake su ne ke biya.

Tsofaffin kwanukan kuwa suna ƙarewa ba tare da kowa ya sa musu lamba ba. A gidan tarihi na Gidan Makama akwai ɗakin da aka shirya irin na amaryar da, ɗaliban firamare na shiga su leƙa su fito. A gidajen Gwale, in tsohuwa ta rasu aka zo rabon gado, saitin da ta shekara arba'in tana gogewa sai a raba shi: wannan ta ɗauki biyu, waccan uku, murfi ya tafi Ɗorayi, gindi ya tafi Kurna. Waɗanda suka yi saura a zuba wa kaji ruwa a ciki, in sun huje a miƙa wa ɗan jari-bola ya ɗora a sikeli ya biya da kilo.